Gidajen gasasshen nama na filin jirgi su riƙa faɗa wa matafiyi lokaci kafin su karɓi kuɗinsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in taɓo wani abu da ba a cika kawo shi ba idan ana ba matafiya shawara. Kullum maganar biza ce, da nauyin kaya, da abin da aka hana shiga da shi jirgi, amma cikin matafiyi an bar shi ya ji da kansa. Maganata a kan gidajen cin abincin nan ne da ke cikin filayen jiragen sama, can bayan an wuce wurin bincike, inda ake zama a tebur a miƙo wa mutum takardar jerin abinci, musamman masu gasa tsokar naman sa mai kauri. Ina cikin masu shiga irin waɗannan wurare idan tafiya mai nisa ta kama ni. Abin da nake nema a wurinsu guda ɗaya ne. Kafin su rubuta abin da mutum zai ci, su tambaye shi ƙarfe nawa jirginsa, kuma su gaya masa tsakani da Allah minti nawa abincin zai ɗauka kafin ya iso gabansa.

Na san akwai masu ganin zaman kansa almubazzaranci ne, tunda a cewarsu za a ba da abinci a jirgi. Ban yarda da su ba. Ina da ciwon suga, kuma maganin da nake sha ba ya son a tsallake lokacin cin abinci. A doguwar tafiya sai jirgi ya yi awa guda ko fiye a sama kafin keken abinci ya iso layin da kake, idan kuwa aka shiga gargada matuƙi zai umarci ma'aikata su zauna, keken ya koma inda ya fito. Jiragen da ke sayar da tikiti mai rahusa ma ba sa ba da komai sai ka saya. To ka haɗa wannan da awannin da mutum ya ɓatar tun daga barin gida, da layin awon kaya, da layin bincike, da na jami'an shige da fice. Dattijo ko mai juna biyu ko mai gyambon ciki ba zai iya jiran wannan duka da ruwan gora kaɗai ba.

Sannan abincin sama ba ya daɗi kamar na ƙasa, kuma ba kullum laifin mai dafawa ba ne. Iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, danshinta yakan yi ƙasa da kashi 20 cikin 100, matsinta kuma daidai yake da na wanda ke kan dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400. Hanci ya bushe, harshe ya dakushe. A 2010 cibiyar bincike ta Fraunhofer da ke Jamus ta yi wa kamfanin Lufthansa gwaji a kan haka, ta gano cewa jin ɗanɗanon gishiri a irin wannan yanayi yana raguwa da kusan kashi 30 cikin 100, na zaƙi ma yana raguwa. Abincin kuma an dafa shi ne tun awanni da suka wuce, aka sanyaya, aka sake ɗumamawa a sama. Saboda haka wanda ya zaɓi ya ci nama mai zafi da aka sauke daga wuta yanzun nan, a zaune, da sarari a gabansa, ba gwiwarsa na dukan kujerar wani ba, ni ban ga abin zargi a tare da shi ba. Mutum ne mai shirin zaman awa bakwai ko goma a wuri guda, ya cancanci ya ci cikin natsuwa.

Inda gizo ke saƙa shi ne lokaci. Da yawa daga cikin matafiya, har da waɗanda suka saba, idonsu na kan lokacin da aka rubuta na tashin jirgi. Wannan lokacin na jirgi ne, ba na fasinja ba. Ana fara shiga tun saura minti 30 zuwa 45, a manyan jirage ma har awa guda, kuma yawancin kamfanoni suna rufe ƙofa saura minti 15 ko 20. Da zarar an rufe, ko kana hango jirgin ta gilashi, magana ta ƙare. Idan ka ba da jaka a wurin awo, a tafiyar ƙasa da ƙasa sai an nemo ta an sauke kafin jirgi ya tashi, ƙa'idar da aka tsaurara bayan bam ɗin da ya tarwatsa jirgin Air India a 1985 da na Pan Am a kan garin Lokabi na Sikotilan a 1988. Ka ga faranti ɗaya ya riƙe mutum ɗari uku a zaune ana tonon jaka.

Kada kuma kowa ya dogara da cewa za a kira sunansa a lasifika. Filaye da dama sun daina. Filin Changi na Singafo ya bar kiran ƙarshe da kiran sunayen fasinjoji tun farkon 2018, na Dubai ma ya rage sanarwa ƙwarai, sai dai mutum ya dubi allo. Ga nisa. Gidajen abinci masu kyau yawanci a tsakiyar ginin suke, kusa da shaguna, ƙofarka kuwa tana iya kasancewa a can ƙurya. A tasha ta 5 ta filin Hitiro da ke Landan, wanda ƙofarsa ke ɓangaren B ko C sai ya sauka ƙasa ya hau ɗan jirgin ƙasa. A sabon filin Istanbul, wanda aka buɗe a 2018, mutum na iya yin tafiyar minti 20 a ƙafa bai iso ba. A filaye da yawa na Turai kuma, akwai wani shingen duba fasfo a gaba, bayan an wuce gidajen abinci, ga wanda zai fita daga yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da suka buɗe iyakokinsu ga juna, kuma layinsa ba ya da tabbas. Wanda duk zai zauna cin abinci, daga lokacin rufe ƙofa ya kamata ya fara lissafi yana komawa baya: ya cire tafiyar ƙafa, ya cire layin fasfo idan akwai, ya cire shiga bayan gida da sallah idan lokacinta ya yi. Abin da ya rage shi ne nasa. Ni idan bai kai awa guda cur ba, ba na zama a gidan nama, sai in nemi abin da aka riga aka dafa.

Dalili kuwa, nama mai kauri ba ya jin lallashi. Hukumar aikin gona ta Amurka ta ce tsokar naman sa sai zafin cikinta ya kai digiri 63 a ma'aunin Salshiyas, a kuma bar ta ta huta minti 3 kafin a yanka, niƙaƙƙen nama kuwa sai ya kai 71. Wanda ke son naman ya gasu sarai, babu ɗigon ja a tsakiya, kamar yadda nake so, nasa ya fi na kowa daɗewa. Yanka mai kaurin yatsu biyu zai iya cin minti 20 a kan wuta, ban da jiran layi idan akwai wasu a gabanka. Kicin ɗin filin jirgi kuma ba kamar na cikin gari ba ne. Wurin ƙarami ne saboda tsadar haya, a filaye da yawa ba a yarda da buɗaɗɗiyar wuta ba sai na'urar lantarki, kuma duk kayan da za su shigo, daga nama har gishiri, sai sun bi ta bincike.

Ga kuma wuƙa. Tun bayan harin 11 ga Satumban 2001 aka tsananta a kan duk wani abu mai kaifi a bayan shingen bincike. Na taɓa zama a kujerar da ke fuskantar kicin, ina kallon kuku yana aiki da wuƙar da aka ɗaure ƙotarta da igiyar ƙarfe a jikin teburinsa. In zai juya ya ɗauko wani abu sai ya ajiye ta, domin igiyar ba ta kai can. Mai kawo abinci ya ce mini ana ƙirga su safe da dare, a rubuta a littafi, idan ɗaya ta ɓace kuwa ranar babu mai tafiya gida da wuri. Wadda ake ba mai ci ita ma sau da yawa dakusasshiya ce mai zagayayyen baki, wani wurin ma ta roba. Ka sa cokali mai yatsu ka danne, ka yi ta gurzawa, farantin na zamewa a kan tebur, naman na hucewa. Duk wannan lokaci ne, kuma masu gidan sun fi kowa sanin haka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani abu ne da na gani a wani babban fili inda na yada zango. A teburin da ke kusa da nawa wata mata ce da mahaifinta, dattijo mai sanda, da ɗan yaronta. Da ganinsu sun sha hanya. Ta tambayi mai kawo abinci ko za a daɗe, ya ce mata yanzun nan. Bai tambaye ta jirginta ba, ga katin shiga jirgin nan a kan tebur, a ƙarƙashin wayarta. Aka kawo ruwa da burodi, sai shiru. Tana duban allo, tana duban ƙofar kicin. Dattijon ya ce, “'Yar nan, ko mu haƙura?” Ta ce, “Baba, ka ɗan ƙara haƙuri, tun safe ba ka sa komai a cikinka ba.” Farantan suka iso daidai lokacin da rubutun jirginsu a allo ya koma kiran ƙarshe. Ta yanka masa loma biyu da wannan dakusasshiyar wuƙa, ya sa ɗaya a baki yana miƙewa tsaye. Ta biya kuɗin duka a tsaye, ta saɓa jaka, ta kama hannun yaron, tsohon na bin su da sanda yana tauna. Naman na nan yana tururi aka zo aka kwashe. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin da an gaya mata gaskiya tun farko, da ta nemi miya ko shinkafa, tsohon ya ci ya ƙoshi.

Na kuma ga akasin haka a wani filin. Wata ma'aikaciya, kafin ma ta miƙo mini takarda, ta ce in nuna mata katina. Ta duba lambar ƙofa, ta dubi agogonta, ta ce daga nan zuwa can tafiyar minti goma sha biyu ce, babban yankan da na nuna ba zai yiwu ba, amma akwai siriri da zai fito cikin minti goma. Wanda ta ba ni shawara ya fi wancan araha. Ta kawo takardar kuɗi tare da abincin ba tare da na tambaya ba. Ita ta yi asarar ɗan abin da zai ƙaru a cinikinta, ni kuwa na ci a natse na isa ƙofa ana fara kira. Abin da ta yi bai ci mata minti guda ba. Me zai hana ya zama ƙa'ida?

Abin da ke hanawa, a ganina, shi ne mai gidan abincin filin jirgi ba ya tsoron fushin mai saye. Na cikin gari ya san idan ya ɓata maka ba za ka dawo ba, kuma za ka faɗa wa maƙwabta. Na filin jirgi ya san ko ya kyauta ko bai kyauta ba, da wuya ya sake ganinka, kuma gobe wasu dubbai za su bi ta ƙofarsa. Galibin waɗannan wurare ma, ko da sunan wani sanannen gidan abinci ne a allon ƙofa, manyan kamfanonin kwangila ne ke tafiyar da su, irin su SSP da HMSHost, masu ɗaruruwan rassa a ƙasashe daban-daban. Suna biyan hukumar filin wani kaso na cinikinsu, tare da mafi ƙarancin adadin da dole su biya a shekara ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Filayen su ma da wannan suke rayuwa, domin kusan kashi 40 cikin 100 na kuɗin shigarsu daga shaguna da abinci da wurin ajiye motoci yake fitowa, ba daga jirage ba. Shi ya sa ake so ka iso da wuri, ka wuce bincike, ka zauna ka kashe kuɗi. Ban ce haramun ba ne. Amma tunda hukumar fili tana da rabo a kowane faranti, tana da hakkin sa sharaɗi. Filin Fotland da ke jihar Oregon a Amurka ya daɗe da shar'anta wa masu sayar da abinci cewa farashinsu kada ya wuce na rassansu na cikin gari, kuma ba su gudu ba. Wanda ya iya sa sharaɗi a kan farashi zai iya sa shi a kan lokaci. A rubuta minti a gefen kowane abinci kamar yadda ake rubuta kuɗinsa. Idan an wuce lokacin da aka rubuta har mutum ya tashi bai ci ba, kada a karɓi ko sisinsa.

Matafiyi shi ma akwai nasa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ba ranar ce ta gwada abin da ciki bai saba da shi ba. Iskar da ke cikin hanji tana buɗewa da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu idan jirgi ya yi sama, kamar yadda kowa ke ganin ledar biskit ta kumbura a kan ɗan teburin gabansa. Wanda ya cika ciki da nama mai kitse, da soyayyen dankali, da lemo mai gas, sannan ya naɗe a kujera da ɗamara a ƙugu, kumburin ciki da ƙwannafi na jiransa, domin kitse ya fi komai daɗewa a tumbi. Ni ƙaramin yanka nake nema, marar kitse, da dafaffen dankali ko ganye da aka dafa, da ruwa. Ɗanyen ganye da naman da ba su gasu ba ina barinsu sai na sauka. A sama babu asibiti. A watan Fabrairun 1975, mutum 197 suka kamu da amai da gudawa a jirgin Japan Airlines da ya taso daga Tokiyo ya biya ta Ankorej da ke jihar Alaska ta Amurka, bayan sun ci wainar ƙwai da wani kuku mai miki a yatsu ya taɓa, aka kuma bar ta awanni ba cikin isasshen sanyi ba. Da aka sauka a Kofanhegan, babban birnin Denmak, an kwantar da 144 a asibiti. Matuƙan sun tsira ne saboda su gasasshen nama suka nema, ba ƙwan ba, kuma abin da ya faru ya ƙarfafa al'adar ba matuƙi da mataimakinsa abinci daban-daban. Irin wannan gubar takan nuna kanta cikin 'yan awanni, wato abin da ka ci a ƙasa a sama zai tashi. In ka ga wurin ba tsabta, ko naman ya zo da ɗumi-ɗumi maimakon zafi, mayar da shi, babu kunya a ciki.

Musulmi kuma ya buɗe baki ya yi tambaya. A filayen Jidda da Doha da makamantansu hankali a kwance yake, amma a wasu ƙasashen sai an bincika ko naman yankan halal ne, ko a kan ƙarfe ɗaya ake gasa shi da naman alade, ko an zuba giya a romon da ake kwarara masa, domin da yawa daga cikin irin wannan romo da jan giya ake haɗa shi. Idan ma'aikaci ya fara kame-kame, kifi na nan, kuma ya fi saurin gasuwa.

Wajen biya, a nemi takardar kuɗi tun ana ajiye faranti, domin jiran mai kawo na'urar kati kaɗai kan cinye minti goma idan wurin ya cika. A duba ko an riga an saka kuɗin hidima a ciki, kamar yadda ake yi a wurare da yawa a Landan, kada a biya sau biyu. A Amurka kuwa tukuicin kashi 15 zuwa 20 cikin 100 kusan dole ne, da shi ma'aikatan ke rayuwa, sai mutum ya sa shi a lissafinsa tun kafin ya zauna. Idan na'ura ta tambaya da wane kuɗi za a cire, a zaɓi na ƙasar da ake ciki, canjin da na'urar ke yi da kanta ya fi tsada. Wanda kuma jirginsa ya yi jinkiri a Tarayyar Turai ya sani cewa dokarsu mai lamba 261 ta 2004 ta wajabta wa kamfani ya ciyar da shi bayan awa 2 zuwa 4, gwargwadon nisan tafiyar. Ya je ya karɓi takardar abincinsa kafin ya taɓa aljihunsa.

Ragowar nama kuma, idan an ƙunshe maka, ka cinye shi a jirgi ko ka bar shi a can. Tarayyar Turai ta hana fasinja shigo da nama da madara daga wajenta, Amurka da Ostareliya ma suna da tsanani sosai saboda cututtukan dabbobi. A 2022 an ci wani fasinja tarar dalar Ostareliya 2,664 a filin Darwin na ƙasar, bayan karen bincike ya shinshino burodi da ƙwai da nama na McDonald's da ya sayo a tsibirin Bali na Indonesiya bai bayyana ba.

Ina roƙonka, Malam Edita, idan wakilanka sun samu zama da shugabannin filayen jirage ko masu riƙe da kwangilar abinci a cikinsu, su yi musu wannan tambaya kai tsaye: me ya hana a rubuta minti a gefen kowane abinci, kuma wa ke biya idan fasinja ya tashi ya bar farantin da aka makara wajen kawowa? Ina so in karanta amsarsu a wannan shafi.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Naka,
Wani mai karanta jaridarka a kullum